Shekara 11 Babu Haihuwa, Dangi Sun Ce In Ƙara Aure

Mama, ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya, ke da iyalinki duka. Na rubuto miki ne a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, wanda kuma na kasa kai shi gaban fastonmu, domin ina cikin masu koyarwa a makarantar Lahadi, kuma ina jin nauyin a ji irin wannan magana daga bakina.

Ni malamin sakandare ne a Kudancin Kaduna, ina da shekara 41, matata kuwa tana da 34. Tela ce, kuma tana cikin Zumuntar Mata ta majami'armu. Shekara 11 ke nan da aka ɗaura mana aure a coci, bayan iyayena sun cika duk abin da al'ada ta nema, an kuma ba mu takardar aure ta rajista. Har yau Ubangiji bai ba mu haihuwa ba, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta je asibitoci, an yi mata hotuna da gwaje-gwaje, ta sha magungunan gargajiya iri-iri da mahaifiyata take aiko mata, ta yi azumi, ta kwana a wuraren addu'a. Likita na ƙarshe da ta gani ya ce bai ga abin da zai hana ta ɗaukar ciki ba, ya ce ta zo da mijinta. Ni dai ban je ba, domin ina ganin lafiyata ƙalau a matsayina na namiji, kuma a zuriyarmu ba a taɓa jin namijin da bai haihu ba.

Ni kaɗai ne namiji a wurin iyayena, kuma mahaifina ya rasu. Da muka je gida Kirsimetin da ya wuce, mahaifiyata ta tara ƙannen mahaifina, suka zaunar da ni, suka tambaye ni wanda zai gaji gida da gonaki, da wanda zai riƙe sunan mahaifina bayan raina. Suka ce in zaɓi ɗaya cikin biyu: ko in sallami matata, ko kuwa in auri wata yarinya bisa al'ada, a ajiye ta a ƙauye wurin mahaifiyata, ba sai 'yan majami'armu na gari sun sani ba. Ashe ma sun riga sun yi magana da iyayen yarinyar, wadda shekarunta ba su wuce 20 ba. Da na ce ni Kirista ne, sai babban baffana ya ce ai Ibrahim da Yakubu da Dawuda ba mace ɗaya suka aura ba, kuma kakanmu da matansa uku ya karɓi bishara, har ya mutu yana zuwa sujada. Mahaifiyata ta fashe da kuka, ta ce idan ta mutu ba ta ɗauki ɗana ba, ba za ta yafe mini ba. Sun ba ni wa'adi zuwa Ista.

Maganar ta kai kunnen matata. Ta ce mini idan ita ce ta tsare mini hanya, za ta koma gidan iyayenta, idan kuma auren yarinyar ne zai kawo zaman lafiya, ta yarda. Amma tun daga ranar ba ta cin abinci sosai, ina jin kukanta da dare, kuma ta daina zuwa duk inda ake miƙa jariri a coci. Wannan mace ita ce ta yi jinyar mahaifina har ya cika, kuma da kuɗin ɗinkinta aka biya rabin kuɗin karatuna na digiri. Ina ƙaunarta, amma ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina marmarin in ji yaro ya kira ni Baba.

Mama, ba Allah ne ya ce a hayayyafa ba? Idan haihuwa ce dalilin aure, kuma ba a same ta ba, alkawarin da muka yi yana nan daram? Tun da matata ta amince da bakinta, akwai zunubi a kaina idan na ƙara? Ta yaya kuma zan girmama mahaifiyata alhali ina ƙin abin da take roƙona da hawaye?

Ɗanki a cikin Ubangiji,
daga Kudancin Kaduna

*

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da gidanka. Na karanta wasiƙarka da tausayi, domin marmarin da kake yi na ɗa ba laifi ba ne, kuma hawayen mahaifiyarka ba na ƙarya ba ne. Duk da haka zan ba ka amsa kai tsaye. Alkawarinku yana nan daram. Kada ka auri yarinyar nan, a fili ko a ɓoye, kuma kada ka bar matarka ta haɗa kayanta.

Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, akwai wata magana a wasiƙarka da ka ambata ka wuce, alhali kuwa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Likita ya ce ka zo, ba ka je ba. Shekara 11 matarka ce take hawa gadon asibiti, ita ce take shan saiwoyin da ba ta san abin da ke cikinsu ba, ita ce ake nunawa da baki a gidan biki ana ce mata juya, kai kuwa ko sau ɗaya ba a gwada ka ba. Manomin da gonarsa ta ƙi ba da amfani yakan duba irin da ya shuka kamar yadda yake duba ƙasar. Likitoci sun tabbatar cewa a cikin ma'auratan da suke fama da rashin haihuwa, kusan rabinsu akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa ba shaida ba ce cewa yana iya ba da ciki, domin abubuwa biyu ne daban. Mutum yana iya zama lafiyayye garau, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa su yi kaɗan, ko su kasa motsi yadda ya kamata, ko ma babu su sam. Hangum da ya kama namiji bayan ya balaga har ya sauka masa a maraina yana iya jawo haka, ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba yana iya toshe hanya, haka ma kumburin jijiyoyin maraina, wanda sau da yawa akan gyara shi da ƙaramin aiki. Gwajin maniyyi yana cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi da araha a wannan fanni: ana neman ka ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ka ba da abin gwaji, idan sakamakon bai yi kyau ba a sake maimaitawa bayan wani lokaci kafin a yanke magana. Ana yin sa a asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Jos, da sauran manyan asibitoci. Ban ce matsalar daga gare ka take ba, domin akwai ma'auratan da ake gwada su duka biyu ba a ga komai ba. Abin da nake cewa shi ne, danginka sun yanke wa mace hukunci a kan abin da ba wanda ya tabbatar laifinta ne, kai kuma shirunka ya taimaka musu. Ka kuma tuna cewa damar mace ta ɗaukar ciki tana raguwa sosai bayan shekara 35, saboda haka kowane wata da ka ƙara kana jinkiri, daga cikin lokacinta kake ci. Kada kunya ta hana ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Amma ko da gwaji zai nuna kai lafiyarka ƙalau, ita ce ba za ta taɓa haihuwa ba, amsata ba za ta canja ba, kuma a nan ne babbar tambayarka take. Gaskiya ne Allah ya sa wa mutum albarka ya ce su hayayyafa, a Farawa 1:28, kuma Zabura 127 ta kira 'ya'ya gādo daga wurin Ubangiji. Haihuwa tana cikin kyawawan abubuwan da aka shirya aure dominsu, ba mai musun wannan. Sai dai ka lura cewa albarka ce da kyauta, kuma kyauta tana hannun mai bayarwa. Da Rahila ta matsa wa Yakubu ta ce ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu, ya amsa mata cewa shi ba a matsayin Allah yake ba. Idan miji ba shi da ikon ba da ɗa, mace ma ba ta da shi, saboda haka ba za a ce ta karya alkawari a kan abin da ba ya hannunta ba.

Ka buɗe Farawa sura 2, inda aka ba da labarin kafa aure. Dalilin da Allah ya faɗa da bakinsa shi ne, bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, zai yi masa mataimaki da ya dace da shi. Sa'an nan aka ce mutum zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya manne wa matarsa, su zama jiki ɗaya. Adamu da Hawwa'u sun zama miji da mata cikakku a wannan sura, alhali ba a haifi Kayinu ba sai a sura 4. Auren bai jira ɗa ba kafin ya zama aure. Annabi Malakai kuma, a sura 2, ya tsawata wa mazan da suke cin amanar matan ƙuruciyarsu, ya ce Ubangiji ne shaida tsakanin mutum da matar, ya kira ta abokiyar zamansa, matarsa ta alkawari. A wurin ma an ambaci zuriya ta gari, amma abin da annabin ya gina a kai shi ne gargaɗi cewa kada kowa ya ci amanar matarsa. Bulus kuwa ya ɗaga maganar sama a Afisawa 5, inda ya ce zaman miji da mata hoto ne na Almasihu da ikkilisiya, ya umarci maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Almasihu bai ajiye ikkilisiya ya nemi wata ba a ranar da ta kasa ba da 'ya'ya.

Yanzu ka tuna abin da ka faɗa da bakinka a gaban bagade. Ka ce ka ɗauke ta cikin daɗi da wuya, cikin samu da rashi, cikin lafiya da ciwo, har mutuwa ta raba ku. Ba ka ce har in ga ko za ta haihu ba, kuma da ka faɗi haka a ranar, ba fasto ɗaya da zai ci gaba da ɗaurin auren. An tsara kalmomin nan ne domin irin ranar da kake ciki yanzu, gama a ranar daɗi ba wanda yake bukatar rantsuwa kafin ya zauna da matarsa. Wuyar da ka yi alkawari a kanta ba ka san kamanninta ba a lokacin, ga shi ta zo muku da siffar rashin haihuwa. Ita ta riga ta cika nata kason a gaban idonka, a jinyar mahaifinka da kuɗin makarantarka.

Farisiyawa sun tambayi Yesu, a Matiyu 19, ko halal ne mutum ya saki matarsa a kan kowane irin dalili. Ya mai da su ga Farawa, ya ce abin da Allah ya gama kada mutum ya raba, ya kuma ce Musa ya ba da izinin saki ne saboda taurin zuciyar mutane, amma tun farko ba haka aka shirya ba. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan yadda suke fahimtar togaciyar da ya yi game da fasikanci, da kuma maganar Bulus a 1 Korintiyawa 7 a kan marar bi da ya zaɓi ya tafi, amma babu wadda ta sa rashin haihuwa cikin dalilan raba aure. Dokar ikkilisiyar Katolika ma ta rubuta a sarari cewa rashin haihuwa ba ya hana ɗaura aure, ba ya kuma rushe shi. Ina so in ƙara kalma ɗaya saboda wasu mata da za su karanta wannan shafi: dawwamar aure ba ta nufin mace ta zauna ana dukanta har a kashe ta, kuma wadda take cikin irin wannan hali ta nemi mafaka tukuna, a yi sauran magana daga baya. Naka al'amarin ba wannan ba ne.

Baffanka ya kawo sunan Ibrahim da Yakubu da Dawuda, amma bai ƙarasa maka labarin ba. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin abin da suka yi, ya kuma nuna abin da ya biyo baya. Bayan shekara 10 a ƙasar Kan'ana babu ɗa, Saratu da kanta ta miƙa wa Ibrahim baiwarta Hajaratu, wato daidai irin amincewar da kake cewa matarka ta ba ka. Da Hajaratu ta yi ciki sai raini ya shiga, Saratu ta juya ta ɗora wa Ibrahim laifi, ƙarshenta aka kori uwa da ɗanta zuwa jeji da gurasa da salkar ruwa. A gidan Yakubu kishin iyaye mata ya gangaro kan 'ya'ya, har 'yan'uwa suka sayar da Yusufu. A gidan Elkana, Feninna ta riƙa tsokanar Hannatu kowace shekara har ta kasa cin abinci, kamar yadda matarka ta kasa ci yanzu tun kishiyar ba ta shigo ba. Akwai kuma wanda baffanka bai ambata ba, shi ne Ishaku. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba ta haihu ba sai da ya kai 60. A cikin shekara 20 ɗin nan, shi da aka ɗora wa alkawarin zuriya mai yawa, abin da Farawa 25 ta ce ya yi shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa, kuma ba a rubuta ya ƙara mace ba. Ban kawo maka labarinsa domin in yi maka alkawarin tagwaye ba, gama ba ni da wannan iko, kuma ka yi hankali da duk mai wa'azin da zai sa maka ranar haihuwa a kan kuɗi. Na kawo shi ne domin ka ga yadda miji yake tsayawa.

Maganar kakanku dabam ce. Bishara ta same shi da matansa uku, kuma ikkilisiyoyi a Afirka sun daɗe suna muhawara a kan irin wannan mutum, domin korar matan da 'ya'yansu ma zalunci ne. Babban taron bishop-bishop na Anglikan, wanda ake kira taron Lambeth, ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta, da sharaɗin cewa wanda aka karɓa ba zai ƙara wata ba muddin ɗaya daga cikin matansa tana da rai. Ka ga ko inda aka yi sassaucin, an yi shi ne ga wanda ya shigo da su, ba a buɗe ƙofa ga mai bi da ya riga ya yi alkawarin mace ɗaya ba. Kai kuwa an yi maka baftisma, ka tsaya a gaban jama'a ka rantse. A yawancin ikkilisiyoyinmu na Arewa, wanda ya yi abin da ake nema ka yi akan sa shi a ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da kowane aiki. Shawarar a ɓoye yarinyar a ƙauye ta isa ta nuna maka cewa masu ba da ita ma sun san abin ba zai tsaya a fili ba, kuma za ka riƙa koya wa yara gaskiya ranar Lahadi kana ɗauke da ƙarya sauran kwanakin mako.

Amincewar matarka kuma, ɗana, ba amincewa ba ce. Macen da ta daina cin abinci, take kuka da dare, ta faɗi abin da ta faɗa ne domin an sa ta ji cewa ita ce cikas a rayuwarka, kuma tana jira ta ji ko za ka musa. Ko da ma ta yarda da zuciya ɗaya, ba ku biyu kaɗai kuka ƙulla alkawarin ba, akwai Shaida na uku, kuma ba ta da ikon yafe maka abin da ka ɗauka a gabansa. Sa'an nan ba wanda ya yi tunanin yarinyar a cikin wannan shiri. 'Yar mutane ce, shekarunta 20, ana so a kawo ta domin mahaifarta kawai, a ajiye ta inda mijin ba ya zama, ba za ta iya tsayawa kusa da kai a coci ba. Idan kuma matsalar daga gare ka take, za ta shekara uku ko huɗu babu ciki, a fara yi mata irin gorin da ake yi wa ta farko, ko kuwa matsi ya kai ta ga nemo cikin a waje.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da danginka. Tun da kuna da takardar rajista, aurenku yana ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wadda sashe na 35 nata ya ce mai irin wannan aure ba zai iya ƙulla wani aure na al'ada da doka za ta amince da shi ba muddin na farko yana nan, sashe na 47 kuma ya tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi hakan. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kai ba, amma yarinyar ba za ta zama matarka a idon doka ba. Sallamar matarka da baki ko mai da kuɗin aure ma ba ya raba irin aurenku, sai babbar kotu, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma rashin haihuwa ba ya cikin hujjojin da dokar ta lissafa.

Sauran mahaifiyarka, kuma a nan nake so ka yi taushi ƙwarai. Gwauruwa ce, ta binne mijinta, kai kaɗai ne ɗanta namiji, kuma a tunanin da ta tashi a ciki, gidan da ba jika gida ne da zai mutu. Tsoro ne yake magana a bakinta. Umarnin girmama uwa da uba yana kanka har ƙarshen ranta, wato ka ciyar da ita, ka kula da lafiyarta, ka ziyarce ta, kada ka ɗaga mata murya. Amma girmamawa ba ta kai ga ka karya alkawarin da ka yi wa Allah domin ka share mata hawaye ba, kuma rabuwa da uwa da uba da Farawa ta ambata ma'anarta ke nan: shawarar gidanka ta koma hannunka da na matarka. Ka je wurinta kai kaɗai, ba a taron dangi ba, kuma kada ka jira Ista. Ka durƙusa ka gaya mata cewa ka ji ciwon da take ji, amma ba za ka ƙara aure ba, ba za ka saki matarka ba, kuma shawarar taka ce, kada a ɗora wa matarka. Ka gaya mata likita ya nemi ganinka tun tuni kai ne ba ka je ba. Wannan magana za ta yi maka nauyi, amma ita ce za ta sauke kaya daga kan matarka. Maganar ba za ta yafe maka ba kuwa, ɓacin rai ne, kuma ba zai zama maka la'ana ba a kan ka riƙe amana. Idan akwai wata dattijuwa a Zumuntar Mata ta ƙauyenku da take jin maganarta, ka roƙe ta ta riƙa zama da ita. A kuma aika wa iyayen yarinyar da wuri cikin mutunci, domin kada a ɓata mata suna ko a hana ta wani manemi.

Batun gado yana da mafita da ba ta bukatar kishiya. 'Ya'yan 'yan'uwanka mata jinin mahaifinka ne, kuma jikokin mahaifiyarka ne tun yanzu. Ka nemi lauya ka rubuta wasiyya a kan abin da ka mallaka da guminka, ka tsare wa matarka wurin zama, domin mun sha ganin gwauruwa marar ɗa da aka fitar daga ɗakinta tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yi tir da wata al'ada ta garin Awka, a Jihar Anambra, da take hana gwauruwa marar ɗa namiji haƙƙi a gidan mijinta, amma gara takarda a hannu da shekaru a kotu.

Game da marmarinka na a kira ka Baba, bayan an gama gwaje-gwaje kun san inda kuka tsaya, ku zauna ku biyu ku yi tunanin riƙo. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma Mordekai ne ya goyi Esta da iyayenta suka rasu, ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Rikice-rikicen Kudancin Kaduna da Filato da Borno sun bar marayu da yawa, wasu ma a cikin ikkilisiyoyinmu suke. Idan kun zaɓi ɗaukar yaro ya zama naku a doka, ku bi ta ma'aikatar jihar da take kula da mata da walwalar jama'a, da kuma kotu, ku guji duk wanda zai ce zai samo muku jariri da kuɗi, ko masu yi wa mata allurar kumbura ciki su ce juna biyu ne da na'ura ba ta gani. Kada kuma ku ɗauki yaro a matsayin maganin jawo haihuwa, ku ɗauke shi domin kansa. Idan ma ba ku yi riƙo ba, gidanku cikakken gida ne. Akila da Bilkisu, masu sana'ar ɗinkin alfarwa, Sabon Alkawari bai ambaci ɗa ko ɗaya nasu ba, amma a gidansu Bulus ya sauka a Koranti, su ne suka ƙara wa Afolos fahimtar hanyar Allah, kuma a gidansu ikkilisiya take taruwa.

Ka daina ɓoye wa fastonku. Koyarwa a makarantar Lahadi ba ta hana mutum shiga gwaji, kuma gara ya ji daga bakinka yanzu da kake neman taimako. Ka roƙe shi ya haɗa ku da wasu ma'aurata dattawa masu riƙon asiri da za ku riƙa addu'a tare. Amma kafin fasto, kafin mahaifiyarka, matarka ce ta farko. Ka zaunar da ita yau, ka gaya mata a fili cewa ba inda za ta je kuma ba wadda za ta shigo, ka nemi gafararta a kan shekarun da ta yi tana zuwa asibiti ita kaɗai, sa'an nan ku sa ranar da za ku je wurin likitan tare a cikin makon nan. Idan sakamakon ya fito, kowane iri ne, ka sake rubuto mini domin mu duba mataki na gaba.

Taku a cikin Almasihu,
Mama